Babi na Shida: Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Ranar da kawuna ya tare a sabon gidansa da ke Talata Mafara, bayan shekara talatin da 'yan kai yana aikin gwamnati, babu abin da ya fi jan baƙi su gani kamar ban ɗakin. An manna tayil har rufi, an kafa masai na zamani mai tankin kora, ga shawa tana sheƙi a bango. Sai dai in ka murɗa kanta, abin da ke saukowa bai fi ɗigon indararo bayan an ɗauke ruwan sama ba. Tankin gidan, mai cin lita 2,000, yana zaune a bayan ɗaki bisa dakalin bulo da tsayinsa bai wuce ƙirjin mutum ba, cike da ruwa har baki. Kawu ya yi sati biyu yana wanka da bokiti a ƙarƙashin shawar da ya zuba wa kuɗi. Ranar wata Talata, ranar da kasuwar garin ke ci, haƙurinsa ya ƙare, ya shiga shagon masu kayan famfo ya ce a ba shi inji mafi ƙarfi da suke da shi.

Aka ba shi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, aka ɗaura a gindin tanki kafin magariba. Daren farko murna ce, don ruwan shawar har zafi yake yi a fata. Kafin sati ya zagayo, mahaɗar bututu biyu sun fara tsiyaya a cikin bango, fenti ya kumbura, bawul ɗin tankin masai ya daina rufewa, ruwan da ke kai su kwana uku ya koma ƙarewa a yini guda. Ƙaramin janareton gidan kuwa, da an kunna injin sai ya yi tari ya mutu. Aka kira wani dattijon mai gyaran famfo, mutumin Bakura. Ya zagaya gidan hannuwa a baya, ya dubi tanki, ya sunkuya ya karanta ɗan allon ƙarfen da ke jikin injin, sannan ya ce, "Alhaji, wanga inji ba ya da laifi. Doki kas saya, ba ka tambayi nisan tafiya ba."

Masu shago suna kiran irin wannan inji busta, wato injin da ke ƙara wa ruwa ƙarfin turi a cikin bututu. Ba ya haifar da ruwa, ba ya tsabtace shi. Abin da ya tarar shi yake turawa. Kuma akwai wani mai turi da ya riga shi zuwa duniya, wanda ba ya shan fetur, ba ya jiran wutar nefa, shi ne tsayi. Ruwa yana danna abin da ke ƙarƙashinsa gwargwadon bisansa: kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kusan ma'auni ɗaya na abin da injiniyoyi ke kira bar. Faɗin tanki ba ya ƙara komai a nan, kuma wannan shi ne abin da ya fi wuyar shiga kan mutane. Tanki mai lita 500 da mai lita 5,000, in saman ruwansu yana tsayi ɗaya, turinsu ɗaya ne. Na kawu, ko da a cike yake, saman ruwansa bai fi kan shawar da mita ɗaya ba. In ya yi rabi sun zama kunnen doki, babu mai tura wani.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a je nesa a nemo musu misali, don babban misalin yana ƙofar gidansu. An fara gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan gulbin Sakkwato a 1974, aka gama a 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Tafkin da ta tara yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. An tsara shayar da hekta 23,000 a filayen da yau ke cikin ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun, ta hanya biyu. Kusan hekta 8,000 ruwa zai gangaro musu da kansa ta kanal. Sauran kusan 15,000 kuwa, injunan lantarki ne za su matsa ruwan a cikin bututu ya fita ta bakunan feshi kamar yayyafi. An zubar da jinin manoma a kan wannan aiki a watan Afrilu na 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu neman diyyar gonakinsu. Wannan labari ne mai zaman kansa, kuma tsofaffin yankin ba su manta ba. Abin da ya shafi babinmu shi ne ƙarshen sassan biyu. Zuwa farkon shekarun 2000 sashen feshi, wanda shi ne abin kallo a lokacinsa, ya mutu murus. Abin da ya rage ana nomawa, galibi shinkafa, shi ne wanda ruwa ke zuwa masa da ƙafarsa. Da aka zo gyara a ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, cikin abin da aka sa gaba har da mayar da wani yanki na filayen feshin zuwa ban ruwa ta kanal.

In aikin gwamnatin tarayya, da injiniyoyinsa da kasafinsa, bai iya riƙe injunan matsa ruwa ba, to mai gida ya yi tunani sau biyu kafin ya rataya wankansa da masansa a wuyan inji. Tambayar farko ita ce ko tankin zai iya hawa sama. Hasumiyar ƙarfe mai mita 6 tana ba shawar gidan ƙasa turin mita 4 zuwa 5, kuma wannan ya isa famfon tsakar gida da tankin masai da wanka mai daɗi, muddin bututun yana da faɗi. A irin wannan tsari inji yana da aiki guda: ya ɗaga ruwa zuwa sama sau ɗaya a yini, lokacin da aka kawo wuta, sannan ya huta. Abin lura kawai shi ne nauyi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 2,000 daidai yake da buhun shinkafa mai kilo 50 guda 40 a jere a kan mutanen gida. Kada a bar mai walda ya yi tsumulmular ƙarfe, kada a yi rowar siminti a gindi. A kuma ɗaure tankin, don guguwar farkon damina ba ta raina tankin da babu ruwa a ciki.

Sai bututu, wanda shi ne gugan da ke hanawa bayan rijiya ta bayar. Sau da yawa za ka tarar an fito da ruwa daga tanki da bututun rabin inci, an ja shi mita ashirin, an karya shi da gwiwa bakwai ko takwas kafin ya kai ban ɗaki. Ruwa yana gogar bangon bututu yana tafiya, kuma gogar tana cinye turinsa. In aka mayar da rabin incin nan ya zama inci ɗaya, asarar tana raguwa kusan ninki talatin a kan adadin ruwa ɗaya. Kuɗin 'yan sandunan bututu bai kai kuɗin inji ba. Na ga gidan da aka sayi busta alhali cutar duka yashi ne da ya toshe ramukan kan shawa. Allura da minti biyar sun isa.

Duk da haka akwai inda bustar take da gurbi na gaskiya. Gidan bene da tanki ba zai iya wuce saman ɗakunan da nisa ba. Injin wanki, wanda da yawa daga cikinsu ba sa shan ruwa yadda ya kamata in turin bai kai rabin bar ba. Gidan haya ko masauki mai ban ɗaki da yawa, masallacin da ke da layin famfunan alwala, doguwar tiyo zuwa lambun bayan gida ko turken shanu. Wanda bukatarsa ta kai nan, ya ajiye maganar doki tukuna, ya nemi lambobi biyu.

A jikin kowane inji akwai ɗan allon da dattijon nan ya sunkuya ya karanta. A kansa za ka ga harafin Q, shi ne yawan ruwan da injin ke fitarwa, lita nawa a minti. Za ka ga harafin H, shi ne tsayin da zai iya tura ruwan, mita nawa. Dabarar da mai shago ba zai gaya maka ba, wani lokaci don shi ma bai sani ba, ita ce manyan lambobin nan biyu ba sa taɓa haɗuwa. Ƙaramin injin nan mai rabin doki da ake kira QB60, wanda ya cika shaguna daga Gusau har Sakkwato, ana rubuta masa kusan lita 35 a minti da kusan mita 35. Lita 35 ɗin sai in babu tsayin da yake hawa ko kaɗan. Mita 35 ɗin kuwa, a can ƙololuwa ruwan ya tsaya cak, ko ɗigo babu. Kamar jaki ne: ba kaya ya yi gudu, da cikakken mangala ya ja ƙafa. Aikin gaskiya yana tsakani, kuma takardar da ke cikin kwalin inji na ƙwarai tana da zanen layi mai gangarowa da ke nuna lita nawa zai bayar a kowane tsayi. Injin da babu wannan zane a kwalinsa, a saye shi da shakka.

Lissafin bukatar gida ba ya son kwamfuta. Ba duka famfunan gida ake ƙirgawa ba, sai waɗanda ake buɗewa lokaci ɗaya, kuma a gidan Bahaushe wannan lokaci sananne ne: daga asuba zuwa tafiyar yara makaranta. Shawa tana cin kamar lita 8 zuwa 10 a minti, famfo ma kusan haka. Mutum biyu suna wanka, uwargida tana tara ruwan wanke-wanke, ka ga lita 30 ke nan. Tsayi kuma a haɗa abu uku: bisan shawar daga inda injin yake, da kamar mita 5 na asarar bututu, da mita 15 na turin da ake so ya rage a bakin shawar. A gidan ƙasa jimlar tana zuwa mita 22 zuwa 25. To a wannan tsayi mai rabin dokin nan bai fi ya ɗauki ban ɗaki ɗaya ba; mai son lita 30 sai ya matsa zuwa mai doki ɗaya ko ƙasa da shi kaɗan. Gidan kawu, da shi da iyalinsa da ba sa haɗa wanka, rabin doki ya ishe su har da saura. Injin da kawu ya sayo yana iya kai turi wajen bar 5, a kan mahaɗan roba da aka liƙa da gam na araha. Wanda ke son ya san abin da injinsa ke yi a zahiri, ya ɗauki jarka mai lita 25 da agogon waya: in ta cika a minti ɗaya, ya san lambarsa.

Injunan da ke kasuwa ba jinsi ɗaya ba ne, ko da fentinsu ya zo ɗaya. Ƙaramin nan yana da siririyar farfela ta tagulla mai haƙora a gefe, tana juyawa a matsattsen gida. Yana tura ruwa kaɗan zuwa nesa, yana da araha, amma yashi ajalinsa ne, don da ƙwayoyin sun goge haƙoran turin ya tafi. Mai faffaɗan kai kamar katantanwa yana ba da ruwa da yawa a matsakaicin tsayi, ya kuma fi haƙuri da ruwan da bai gama kwanciya ba. Akwai mai dogon hanci da ke iya korar iskar bututu da kansa, shi ya fi dacewa da jan ruwa daga tankin ƙasa ko gajeriyar rijiya. Sai sumo, wanda ake zurawa cikin ruwan ya turo daga ƙasa. Injin ban ruwa na fetur mai inci biyu ko uku, wanda kowane manomin rani a fadamar Bakura ya san shi kamar yunwar cikinsa, lita ɗaruruwa yake zubarwa a minti. Ya dace da cika tanki cikin gaggawa, amma wanda ya haɗa shi da bututun ban ɗaki ya shirya kiran magini. Sunayen da suka yi fice, irin su Pedrollo da DAB na Italiya da Grundfos na Denmark, su ne kuma 'yan jabu suka fi manna wa kayansu. Tsofaffin masu naɗin koyil suna ɗaga inji su ji nauyinsa, don wayar jan ƙarfe ta fi ta alminiyom nauyi da juriyar zafi. Kuma tambaya ɗaya ta fi sunan kamfani amfani: in sil ko boris ko kafasito ya lalace, akwai shi a Mafara, ko sai an aika Kano?

Akwai iyakar da babu dokin da ke tsallake ta. Muna cewa inji yana jan ruwa, amma abin da yake yi shi ne rage iskar da ke cikin bututu, sai nauyin iskar duniya ya danna ruwan rijiyar ya hau. Wannan nauyi ba ya iya ɗaga ruwa fiye da mita 10 da ɗan kai ko a takarda, a aikace kuwa mita 7 ko 8 ne, kuma zafi yana ƙara rage shi. Shi ya sa injin da ya yi aiki lafiya lau a watan Oktoba, lokacin da rijiya ke cike da ruwan damina, yake komawa gurnani babu ruwa a Afrilu. Ba lalacewa ya yi ba, ruwan ne ya sauka ya wuce inda hannunsa ke kaiwa, kuma mai doki uku ma a nan zai tsaya. Maganin ko a sauke injin kusa da ruwan, ko a koma sumo. Ƙasar yankin ma tana da nata hukunci. Ta wajen Gusau dutse ne a ƙarƙashi, ruwa yana maƙale a tsagoginsa, rijiyar burtsatse takan bayar kaɗan-kaɗan. In ka nufi Sakkwato sai ka shiga shimfiɗar yashi mai riƙe ruwa. A rijiyar dutse, babban inji yana tsotse ruwan cikin 'yan mintuna ya koma shan iska. Ƙaramin da zai yi awa uku yana ɗiba a hankali ya fi cika tanki.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma kamar don injin ruwa aka yi maganar. In gidan farfela ba a cike yake da ruwa ba, juyin banza take yi. Akwai ɗan noti a saman kan injin da ake kwancewa a ɗura ruwa har ya tumbatsa kafin a tayar. A ƙarshen bututun da ke cikin rijiya kuma akwai bawul mai hana ruwa komawa, wanda masu gyara ke kira fut-bawul. In tsakuwa ta maƙale a bakinsa, ruwan ya zurare cikin dare, kullum da safe sai an sake ɗuri. Ɗan ramin da iska ke shiga a bututun ja, wanda ido ba ya gani don ba ya ɗiga, ya isa ya hana inji kamawa. Gudu babu ruwa kuwa shi ne mafi saurin kashe shi, domin ruwan da ke wucewa shi ke sanyaya sil ɗin da ke tsakanin farfela da motar injin. 'Yan mintuna sun isa ya ƙone ya fara yoyo. In ka ji inji yana ƙara kamar an zuba tsakuwa a cikinsa, yunwar ruwa yake yi: ko bututun ja ya yi siriri, ko ragar bakinsa ta toshe, ko zurfin ya yi yawa.

Wuta ita ce sauran rabin labarin. An ƙera injunan nan don bolt 220 zuwa 240, amma duk wanda ke ƙarshen layi a garuruwan da kamfanin Kaduna Electric ke bai wa wuta ya san daren da ƙwan fitila ke ja kamar garwashi. In wuta ba ta da ƙarfi, motar inji tana ƙara zuƙa don ta cike gurbi, koyil ya yi zafi, ya ƙone. In ka kunna ka ji gurnani babu juyi, kashe nan take. Doki ɗaya wat 746 ne, amma abin da injin ke ja daga waya ya fi haka, kuma a daƙiƙar tashi yana jan ninki uku ko fiye. Shi ya sa ƙaramin janareton nan da bai kai wat 1,000 ba yake shaƙewa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, tayar da janareto don mutum ɗaya ya yi wanka ya zama abin da sai an yi shawara da aljihu. A nan injin sola ya sami shiga: ya cika tankin sama da rana tsaka ba tare da batir ba, tankin ya riƙe ruwan har dare. Kowane iri aka ɗaura, a sa masa wayar ƙasa da makashin da ke yanke wuta in ta zurare. Wurin inji wuri ne mai laima, yara kuma ba takalmi suke yawo ba.

Yawancin bustoci yanzu ana ɗaura musu wani ɗan akwati a ka, mai tayar da inji in an buɗe famfo, ya kashe in an rufe, wasu har suna tsayar da shi in tanki ya ƙare. Abu ne mai kyau, amma mai tona asiri ne. Masai ɗaya da ke zurara a ɓoye ya isa ya sa inji ya kwana yana tashi yana mutuwa, kuma yawan tashin nan ya fi dogon gudu gajiyar da shi. Ƙaramar tukunyar ƙarfe mai balan-balan a ciki, wadda ke ajiye 'yan litoci a matse, tana rage wannan, har a iya cika buta ba tare da inji ya motsa ba.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda ba ta cikin kwalin inji. Takardun Turawa suna raba ruwa gida biyu, na sha da wanda ba na sha ba, kamar akwai katanga a tsakani. A gidanmu katangar zana ce. Ruwan da aka ce na ban ɗaki ne shi ake cika buta da shi, kuma mai alwala yana kurkure baki ya shaƙa a hanci sau biyar a yini. Da shi ake ɗauraye kwano, da shi ake wanke salak. Yaron da ya dawo daga ƙwallo ba ya tambayar wane bututu ne, baki yake kafawa. Malaman fiƙihun Malikiyya sun koyar da mu cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canja da wani baƙon abu ba yana tsarkakewa, kuma canjin da ƙasar mazauninsa ta jawo ba ya ɓata shi. Wannan hukuncin tsarki ne, ba shaidar likita ba. Ruwa yana iya halatta alwala yana ɗauke da kwalara.

Ruwan kanal da na kududdufi suna da wata cutar da ba ta bukatar a sha su. Tsargiya, mai sa fitsarin jini, tana rayuwa a jikin ƙananan katantanwar ruwa, 'ya'yanta su fito su huda fatar mai wanka ko mai wanki. Inji ba ya tace su, shawa kuma raba su take yi a duk jiki. Sa'ar da aka yi ita ce ba sa daɗewa in ba su sami jikin mutum ba: ruwan da aka ajiye kwana biyu a tankin da babu katantanwa ya tsira daga wannan. Ajiyewar tana kuma kwantar da laka, don haka mai ɗibar irin wannan ruwa ya yi tanki biyu, na ƙasa inda ruwa zai huce, a ja daga kamar taƙi ɗaya sama da gindinsa, sannan na sama. Farfelar inji ma za ta gode. Ruwan da ya fito daga magudanar gonakin shinkafa, wanda ya wanko taki da maganin feshi, kwana biyu ba ya gyara shi. A bar shi ga buga bulo da kora masai. Na kududdufin da ake wanke ƙasar zinariya kuwa kada ya shigo gida ko da sunan yayyafa tsakar gida. Jihar da ta binne yara sama da 400 a bala'in gubar dalma na 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum ba ta bukatar a yi mata dogon bayani.

Inda gida ke da ruwa iri biyu, bututunsu kada su haɗu ko ta bawul, domin bawul yana lalacewa, kuma bustar ta fi tankin ruwan sha ƙarfi, za ta tura gurɓataccen cikin mai kyau ba wanda ya sani. A Amurka da Ostareliya launin shunayya ake yi wa bututun ruwan da ba na sha ba. Mu gwangwanin jan fenti ya isa, a shafe bututun da kan famfon, a ɗaga famfon inda hannun yaro ba ya kaiwa, a gaya wa kowane baƙo.

Akwai kuma ɗabi'ar da ta yaɗu a garuruwanmu, ta haɗa busta kai tsaye da bututun hukumar ruwa ranar da aka saki ruwa. Mai yin haka yana tsotse rabon maƙwabtan da ke bayansa, wannan ɗaya. Na biyu, bututun gari yana da fashe-fashe, yana kuma ratsa lambatu. Muddin akwai turi a cikinsa ruwa waje yake fita, amma da inji ya fara zuƙa sai ruwan kwata ya shiga ciki, ya isa randunan unguwa duka har da tasa. A Ingila doka ta hana ɗaura wa bututun gari injin da ke jan fiye da lita 12 a minti ba da sanin kamfanin ruwa ba. Hanyar mutunci ita ce a bar ruwan ya zubo da kansa cikin tankin ƙasa, inji ya ɗauka daga nan.

Dattijon Bakura kwana uku ya yi a gidan kawu. Ya sa aka ɗaga tanki mita 6, ya sauko da bututun inci ɗaya har ƙofar ban ɗaki, ya ajiye tsohon dakalin ga wani ƙaramin tanki da 'yan ga-ruwa ke juye jarkokinsu a ciki. Tsakanin tankunan biyu ya ɗaura mai rabin doki, ya yi masa 'yar rumfar kwano mai shan iska da kejin ƙarfe da kwaɗo, don rana da ɓarawo duk suna son inji. Da zai tafi ya kira ƙaramin ɗan kawu ya nuna masa bayan motar injin, inda fanka take. Ya ce, "Yaro, in kun yi tafiya kun daɗe, kuka dawo ya ƙi tashi, kada ka bari ya yi ta gurnani. Kashe wuta, sa sukundireba nan tsakiya, murɗa har ka ji ya saki. Tsatsa ce ta kama farfela."

Babban injin kuwa wani mai wankin mota a bakin titin Gusau zuwa Sakkwato ya saye shi da ragin kuɗi. Can ya sami nisan tafiyar da ta dace da shi, yana kankare jar laka daga ƙarƙashin motocin da suka fito daga Maradun.